Tiyo Ɗaya Zafi, Ɗaya Sanyi

Zuwa ga Kawuna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, ina fata kana lafiya, kai da Inna da duk mutanen gida. Yaya gwiwar Inna? Rabona da labarinta tun tana fama da ita. Mu nan da sauƙi. Jikarka ce ta kwanta asibiti kwana uku makon jiya, amma an sallame mu, har ta koma makaranta.

Kawu, na san sai ka juya ambulan ɗin nan sau biyu kafin ka yarda ni ce. Shekara shida tun da aure ya kawo ni garin nan, gaisuwata sai dai ta zo maka ta bakin mutane. Na ɗauki waya ya fi sau biyar ina ajiyewa. Na gaya wa kaina ai Kawu ba ya ji sosai a waya, ƙarar injin ta cinye masa kunne. Haka ne, amma ba shi ne dalilin ba. Muryarka ce ba zan iya tsayawa in saurara ba. Yau ɗin ma ba zan yi maka ƙarya ba, buƙata ce ta kawo ni.

Ina da wata tsohuwar mota, ta girmi aurena nesa ba kusa ba. Injinta lafiya lau, ba ta taɓa ajiye ni a hanya ba. Hitarta mai ɗumama cikin mota ce ta ƙi. Sanyin garin nan ba irin wanda ka sani ba ne, da safe sai na kankare ƙanƙara daga gilashi kafin in ga gabana. Daga gidanmu zuwa makarantar yarinyar tafiyar minti arba'in ce, daga can in wuce asibitin da nake aiki a ɗakin ba da magani. In na murɗa hitar har ƙarshe, fanka tana hurawa da ƙarfinta, ana jin kukanta, amma iskar da ke fitowa kamar numfashin mutum, ba zafi ba sanyi. In muka tsaya a danja ma sai ta huce gaba ɗaya.

Ka san jikarka sikila ce, ita da sanyi ba sa ga maciji. Ina naɗe ta da bargo biyu, in ɗora mata kwalbar ruwan zafi a cinya. Ba ta ƙorafi. Sai dai in hango ta a madubi ta cusa hannuwa a hammata tana kallon waje. Ranar Talatar can muna isa ƙofar makaranta ta ce, “Mama, ƙafafuna sun fara.” Shi ke nan sai asibiti. Likitan da ya duba ta, mutumin da kullum muke gaisawa a wurin aiki, ya tambaye ni a gaban ma'aikatan jinya ko tana shan sanyi a wani wuri. Na ce a'a. Ni da nake miƙa wa mutane magani ina yi musu faɗa su kula da 'ya'yansu. Na ce a'a, Kawu, ina kallon takalmina.

Na kai motar gareji. Mutumin ko bonet bai ɗaga ba ya ce sai an sauke dashbod, wato allon gaban direba, gaba ɗaya, kuma ba shi da wuri sai bayan mako uku, sannan motar ta yi kwana huɗu a hannunsa. Babu bas da ke bi ta makarantar. Baban yarinyar yana can wurin aikin gada sai nan da wata biyu, kuma ko yana nan, shi da sifana sai kallo.

Na sha jin kana cewa rabin motocin da ake kawo maka, masu su za su iya gyarawa da kansu da za su tsaya su duba. Ka gaya min inda zan duba. In ka ga ban cancanci amsa ba, ba zan ga laifinka ba. Amma ka duba yarinyar.

'Yarka.

*

Uwata,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarki ta iso ranar Alhamis. Muna lafiya. Gwiwar Innarki tana nan yadda kika bar ta. Allah ya ƙara wa yarinya lafiya.

Batun mota. Kada ki bari kowa ya taɓa dashbod tukuna. Wanda ya ce a sauke dashbod alhali bai ɗaga bonet ba, so yake ya kore ki.

Abu uku za ki duba. Na farko ruwan lagireto. Ki buɗe murfin ki ga ko ya cika har wuya, don in ruwa ya yi ƙasa, hita ce ke fara rasawa. Na biyu ki tayar da mota, ki bar ta tana aiki kamar minti goma sha biyar, ki kalli allurar zafi. In ta hau tsakiya ta tsaya, tamostat, abin da ke daidaita zafin inji, lafiyarsa ƙalau. In ta ƙi tashi daga ƙasa, shi ne ya mutu. Na uku ki leƙa bayan injin, jikin bangon da ya raba shi da cikin mota. Za ki ga baƙaƙen tiyo guda biyu, kaurin babban yatsa, sun shige ciki kusa da juna. Can ciki akwai ɗan ƙaramin lagireto, shi ne hitar. Ruwan zafi yana shiga ta ɗaya ya fito ta ɗayan. Ki taɓa su. In duka biyun da zafi, ƙofar iska ce ba ta buɗewa. In ɗaya zafi ɗaya sanyi, ɗan lagireton ne ya toshe da tsatsa, kuma wannan aikin bokiti ne da ruwan famfo.

Ki rubuto abin da kika gani. Ki sa safar hannu. Hannunki ba irin namu ba ne.

Bakanikenku.

*

Uwata,

Sallama. Muna lafiya, da fatan ku ma haka.

Yau mako biyar da na aika miki amsa. Innarki ta ja ƙafarta zuwa gidan waya sau uku. Ta ce in yi haƙuri, wataƙila wasiƙa ce ta ɓace. Na ce abin mamaki, wasiƙa ba ta ɓacewa sai in wurina za ta zo.

Ina jin an gyara motar. Madalla. Ba godiya nake nema ba, ban taɓa nema ba. Amma ko baƙo na yi wa aiki, ina son in ji ko motarsa ta kai shi gida. Kuma kin sa mana yarinya a rai, kin ce ƙafafunta, sannan kin ɗauke wuta. Wannan ba daidai ba ne. Innarki ko abincin kirki ba ta ci.

Layi biyu ya isa. Ki ce yarinya lafiya. In rubuta wa irina yana yi miki nauyi, ki rubuta wa Innarki, ita ba ta taɓa taɓa baƙin mai ba.

Kawunki.

*

Kawu,

Assalamu alaikum. Yarinya lafiyarta ƙalau, wallahi ƙalau, ko ciwon kai ba ta yi ba tun wancan kwanciyar. Na fara da wannan don Inna ta ci abinci. Ina gaishe ku duka. Ka yi haƙuri da wannan rubutu kamar tafiyar kaza, da hagu nake yi.

Ba a gyara motar ba. Tana nan a bayan gininmu inda na bar ta.

Wasiƙarka ta farko ta zo ranar Juma'a. A kan matakala na tsaya na karanta, ban iya jira in shiga ɗaki ba. Ina karantawa ina murna har na zo ƙarshe. “Hannunki ba irin namu ba ne. Bakanikenku.” Sai na zauna a kan matakalar. Mutane suna wucewa ta gefena ina matsa musu.

Washegari da hantsi na sauka wurin motar. Ina da safar hannu, sabuwa ma, na fito da ita, na ajiye a kan rufin motar. Na kalle ta na ce yau Kawu zai san hannuna irin nasu ne. Ban sa ba. Kuma don ɗoki na tsallake na farko na tafi na biyu. Na tayar da mota, allura ta hau tsakiya ta tsaya, daidai yadda ka ce. Na leƙa bayan injin, ga tiyo biyun nan. Na taɓa ɗaya, zafi har na janye yatsa. Na taɓa ɗayan, sanyi kamar kan famfo. Kawu, ni kaɗai na yi dariya a wurin. Daga nisan kwana biyu ka ga cikin motata.

Sai na tuna ban duba ruwa ba. Na kashe injin, na kama murfin lagireto. Ya ƙi. Na danna da ƙarfi na murɗa.

Ƙarar na fara ji kafin zafin. Ruwan ya taso ya wanke min hannun dama tun daga yatsu har rabin damtse. Ban san na yi ihu ba sai da na ga jikarka a tagarmu ta sama, ta manna fuska a gilashi, bakinta a buɗe. Maƙwabciyata mai ɗinki ce ta fito a guje da tsumma a kafaɗa, ta ja ni zuwa famfo, ta riƙe hannun a ƙarƙashin ruwa ta hana ni cirewa. Tana riƙe da ni tana cewa, “Haba baiwar Allah, ke da kike aikin asibiti?” Ita ta kai ni, kuma ba wani asibiti kusa sai namu.

Abokan aikina suka kewaye ni. Me ya faru, me ya faru? Na ce butar shayi ce ta kife. Ƙarya ta biyu ke nan a ginin nan a kan motar nan.

Mako uku ban je aiki ba. Yatsun suna motsi, an ce ba zan rasa komai ba sai dai tabo. Mai ɗinkin ce ke kai yarinya makaranta a motarta, kullum sai ta rufe shago awa biyu. Ko sau ɗaya ba ta ɓata fuska ba, kuma wannan ya fi ƙunar ci min rai.

Ka ce na ɗauke wuta. Me zan rubuta? In ce Kawu, na ƙona hannuna don ina jin haushinka a kan gaskiyar da ka faɗa?

Shekara takwas ba mu taɓa yin maganar nan ba. Bari in rubuta ta da hagu tunda dama ta kasa. Ranar da muka kammala jami'a ka rufe gareji ka yi tafiyar awa tara. Motar hayar da ka hau ta lalace a hanya, ka shiga ƙarƙashinta da sabuwar rigarka ka gyara don kada ka makara. Ka iso da baƙin mai a gaban riga da ƙarƙashin farce. Ina tsaye da ƙawayena, iyayensu sai ƙamshin turare suke. Ɗaya ta ce, “Wane ne wannan a bayanki yake ta murmushi?” Na ce, “Bakanikenmu ne.” Na san ka ji, don hannun da ka ɗago za ka dafa kaina, na ga ka mayar da shi aljihu. Ka gaishe su ka ce, “Ƙwarai kuwa, in motarku ta lalace ku neme ni.” Suka yi dariya. Ni ma na yi.

Kai ka ɗauko ni a kafaɗa ina shekara huɗu, ranar da aka binne mahaifiyata, ƙanwarka. Duk littafin da na buɗe a rayuwata da wannan baƙin man aka saye shi. Ban taɓa neman gafararka ba, don in zan nema sai na maimaita kalmar da bakina. Sai na zaɓi in yi nisa. Ka yafe min, Kawu. Ko ba ka sake rubuto min komai a kan mota ba, ka yafe min.

Amsar tambayoyinka: allura tana tsakiya. Tiyo ɗaya zafi, ɗaya sanyi. Ruwa kuwa yanzu na tabbata ya ragu, don rabinsa a hannuna ya ƙare.

'Yarka.

*

Uwata,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Sannu. Sannu da jiki. Allah ya ba ki lafiya, ya sa kaffara ne. Mun gode Allah da yarinya. Ki gaishe min da maƙwabciyarki, ki ce wani tsoho yana yi mata addu'a.

Idona ya yi rauni, ban gaya miki ba. Ina iya rubutu da manyan baƙaƙe in na kusanto da takarda, amma karatu Innarki ke yi min. Don haka ita ta karanta wasiƙarki, kuma maganar jami'a ban taɓa gaya mata ba sai ranar ta ji. Ta karanta ta tsaya, ta karanta ta tsaya. Da ta gama ta ninke takardar ta ce, “Me ka rubuta mata a ƙarshen waccan wasiƙar?” Na faɗa. Ta ce, “Da furfurarka?” Ta tashi ta shige ɗaki. Ranar ni na zuba wa kaina ruwan alwala.

Ki saurara. Maganar safar hannu ba habaici ba ce. Fatar hannuna ta mutu tuntuni, ina kama tiyo mai zafi ban ji ba, naki kuwa zai ji. Iyakar abin da nake nufi ke nan. Amma kalmar ƙarshe, wannan da gangan na yi. Na fara rubuta “Kawunki”, na yage takardar, na sake kwafe wasiƙar tun daga sama don kawai in sa waccan. Na ji daɗinta ma a lokacin.

Shekara arba'in da ɗaya ina wannan sana'a. Duk wanda ya zo koyo wurina, kafin ya san sunan sifana sai ya san abu ɗaya: ba a buɗe lagireto da zafi. Na faɗa wa mutane sun fi ɗari. Ranar da 'yata ta tambaye ni, na rubuta wasiƙa har sau biyu ban ga babu shi a ciki ba, don hankalina yana kan kalmar da zan soke ta da ita. Ni na ƙona hannun nan, ba ke ba.

Maganar jami'a ta yi min ciwo, ba zan ɓoye miki ba. Amma shekararki ashirin da biyu lokacin. Ni da na rama, sittin da bakwai gare ni. Na yafe miki duniya da lahira. Ke ma ki yafe min.

Yanzu aiki. Sai hannu ya warke sarai. Motar ta kwana ba a tayar ba, ki dafa injin ki ji shi sanyi ƙalau. SANYI ƘALAU. Ki sa bokiti a ƙasa. Kowane tiyo yana da ƙarfen da ya matse bakinsa, ki matsa shi baya da filaya. Kada ki fizgi tiyon, bututun da ke ciki ba shi da ƙwari, in ya karye to lallai sai an sauke dashbod. Ki riƙa murɗa shi hagu da dama a hankali har ya saki. Ki ɗaura zare a wanda ya yi sanyi don kada ki rikita su.

Ki jawo tiyon famfo ki sa a bututun da ya yi sanyi, wato ruwa ya bi ta inda ya saba fitowa, ya turo dattin baya. Kada ki buɗe famfo da ƙarfi. In ya fara fita, ki juya ta ɗaya bakin, ki sake juyowa, har sai ruwa ya fito fari. Ki mayar da komai. Ki cika da ruwan lagireto na kanti, ba na famfo zalla ba, don a sanyinku zai daskare ya fasa injin. Ki ɗora ƙafafun gaba a kan tudu, murfi a buɗe tun injin yana sanyi, hita a ƙarshe, ki tayar. Za ki ga kumfa yana fitowa, iska ce. In ruwa ya sauka ki ƙara. In kumfa ya daina ki rufe.

Ruwan da ke bokitin zaƙi gare shi kuma guba ne. Kada yarinya ko kyanwa su kusance shi.

Na sa Innarki ta karanta min wannan sau uku ko na sake mantuwa.

Ki gaishe min da amaryata. Ki ce mata angonta tsoho ne amma yana da haƙora.

Kawunki.

*

Kawuna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaishe da Inna. Yaya idon? Me likita ya ce, ko ba ka je ba? Na san ba ka je ba. Ka lura rubutun ya miƙe, da dama nake yi. Fatar tana ja in na dunƙule, amma tana aiki. Amaryarka ta ce in gaya maka ita ma haƙoranta biyu sun fita, don haka kada ka yi mata gori.

Ban san yadda zan amsa abin da ka rubuta ba. Na karanta shi a tsaye, na karanta a zaune. Babu abin da zan yafe, amma tunda ka nema, na yafe.

Ranar Asabar muka yi aikin, ni da mai ɗinki. Na liƙa wasiƙarka a gilashin gaba da abin goge ruwa. Na dafa injin sau uku kafin in taɓa komai, har ta ce, “Ko sai na kawo miki ma'aunin zazzaɓi?” Tiyo na farko ya fita da sauƙi. Na biyun ya manne kamar tare aka halicce su. Na yi ta murɗawa kusan rabin awa, zuciyata tana cewa fizge shi, ina ce mata Kawu ya hana. Da ya saki sai da na faɗi da baya na zauna a cikin bokiti.

Da muka sa ruwa, da farko ko ɗigo bai fito ba. Mai ɗinki tana riƙe da tiyon famfo tana kallona, ni ina kallon bututu. Can sai ya yi tari, ya tofo wani abu ja-ja baƙi-baƙi mai kauri kamar taɓo, da ɓarɓashin tsatsa a ciki. Bokiti huɗu muka cika kafin ya yi fari. Ta leƙa ta ce, “Wannan kika ɗauko kike yawo da shi shekara nawa?” Kumfan ma ya fito yadda ka ce. Ina tsaye ina ƙara ruwa sai na ji ta daga cikin mota tana kwala min kira, “Zo ki ji! Zo ki sa hannu!”

Ranar Litinin na kai yarinya da kaina. Na naɗe ta da bargunanta kamar kullum, don ban gama yarda ba. Kafin mu kai gadar farko na ga ta ture bargo ɗaya. Can ta cire hula. Ta miƙe ƙafafu ta ɗora a bayan kujerata, abin da na saba hana ta, na ƙyale ta. Ta ce, “Mama, an sallami motar daga asibiti?” Na ce an sallame ta. Sai ta kama waƙa. Kawu, ashe yarinyar nan tana waƙa da safe. Shekara biyu ina kai ta makaranta ban sani ba.

Da na isa aiki na wuce ofishin likitan nan kai tsaye kafin in canza shawara. Na ce masa ranar da ya tambaye ni, ƙarya na yi, a mota take shan sanyi. Kuma hannuna ba buta ba ce. Ya cire tabarau ya ce, “Na sani. Ƙunar buta ba ta zuwa da warin ruwan lagireto.” Ashe duk sun sani, wata biyu suna taya ni riƙe ƙaryata. Na fito ban san ta wace ƙofa na bi ba.

Saura abu ɗaya. Ranar Laraba yarinya ta ce zafi ya yi yawa. Na kama abin murɗawar zan rage, sai na ji ƙas, yanzu yana juyawa a banza. Hitar ta tsaya a ƙarshe ba ta raguwa. Muna tafe cikin ƙanƙara da gilashi a ɗan sauke, mutane suna kallonmu.

Kada ka rubuto min yadda ake gyara wannan. Nan da mako biyar za a ba da hutun makaranta, babanta ma ya dawo, na riga na nemi nawa hutun. Za mu tuƙo ta mu kawo maka har gareji. Kuma in na zo, da kaina zan kai ka wurin likitan ido.

'Yarka.

*

Uwata,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Innarki ta karanta wurin waƙar sau biyu, na biyun ba ni na sa ta ba. Tun jiya take fitar da kaya daga ɗakinki, gwiwar ma ta manta da ita.

Aikinki ya yi kyau. Bokiti huɗu ba wasa ba ne. Abin da ya karye wata 'yar waya ce a bayan abin murɗawar, kin ce kada in faɗa, to na yi shiru.

Akwai abin da ya kamata ki sani kafin ki taso, na yi ta ɗagawa daga wasiƙa zuwa wasiƙa. In kin shigo gari kada ki bi ta gareji. Ba nawa ba ne yanzu. Shekara biyu da suka wuce na ɗaure wa wani mutum birki, na bar ƙusa ɗaya ban gani ba. Allah ya tsare, a bakin titinmu ya gane, ba wanda ya ji ciwo. Ya dawo bai zage ni ba, ya dai ajiye ƙusar a kan teburina ya tafi. A satin na miƙa makulli. Na hana kowa ya gaya miki. Tun daga nan a ƙofar gida nake wuni, ina jin motoci suna wucewa ina faɗa wa Innarki abin da ke damun kowacce, ita kuma tana cewa to.

Motarki ita ce ta farko da aka kawo min a shekara biyun nan.

Akwatin kayan aikina yana nan ƙarƙashin gado, na sa an jawo shi, na goge su ɗaya bayan ɗaya. A tsakar gida za mu yi. Ke za ki kwanta ƙarƙashin sitiyari ki faɗa min abin da kike gani.

Ku taso da wuri, ku riƙa hutawa saboda amaryata. An sake mana ƙofar gida, ta fi ta da ƙunci. Ki naɗe madubin gefen motar kafin ki shigo.

Kawunki.